Harajin Ranar da Ƙanena Ya Rasu

A wurinmu, idan aka yi rasuwa, akwai maganar da babban gida yake tashi ya faɗa kafin mutane su watse. Yakan ce duk wanda yake bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, wanda kuma mamacin yake bi ya ji tsoron Allah ya kawo. Wani yakan ƙara da cewa shi ya ɗauka, daga yau bashin ya dawo wuyansa. Tun muna yara ake gaya mana cewa mai bashi ba ya samun sakewa a kabarinsa sai an biya masa. Na sha jin wannan sanarwa a ƙofar masallacinmu na Unguwar Rogo. Ban taɓa kawowa a raina zan yi ta a kan ƙanena ba. Ni ne babba. A tunanina shi zai yi ta a kaina.

Ya rasu a Kanada, inda ya daɗe yana aikin injiniyan ruwa. Zuciya ce, bai yi jinya ba. Can aka yi masa sutura, Musulmin garin suka sallace shi, aka binne shi a ƙasar da ba mu taɓa takawa ba. Ya bar mata da yara uku. Mu nan sai muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, babu makara, babu kabarin da za mu je. Ranar addu'a, da liman ya shafa fatiha a ƙofar masallaci, na miƙe. Na ce duk mai bin ƙanena ko kwabo, a nan ko a can, ni zai nema, na ɗauka. Ban san abin da ya sa na ƙara "a can" ba. Bakina ne ya faɗa.

Ba wanda ya zo neman komai. Waɗanda suka zo masu cewa shi yake bin su ne. Wani mai gyaran babur ya tsuguna gabana ya ce kayan aikin da yake ci da su marigayi ne ya ranta masa kuɗinsu. Wata tsohuwa daga Wamakko ta zo da ƙullin kuɗi a bakin zane. Na koma cikin gida na gaya wa mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, cewa autanta ya tafi babu nauyin kowa. Ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da jan carbinta. Ba ta dube ni ba. Dama ba ta dubana idan tana magana, ba ta kuma kiran sunana, domin ni ne ɗan fari, akwai alkunya tsakaninmu. Shi kuwa auta, da shi take wasa da dariya, shi ke kwanciya a kan tabarmarta ko da ya yi furfura a gemu.

Mahaifinmu manomi ne a Wamakko. Ni ban yi nisa a makaranta ba, na shiga kasuwar hatsi tun ina saurayi, a nan na tsufa. Sana'ata ba ta da wuyar bayani. Da kaka, lokacin da gero ya cika kasuwa ya yi araha, ina saye in cika sito. In rufe, in jira. Idan bazara ta wuce damina ta kama, rumbunan mutane sun yi ƙasa, sai in buɗe. Duk wanda ya iya jira shi ke cin riba. Wannan kaɗai na iya, kuma da shi na taimaka aka kai ƙanena makaranta har ya wuce inda idona ke gani.

Duk zuwan da zai yi gida, sai ya zo rumfata ya zauna a kan buhu, yana fifita da hularsa. Zuwansa na ƙarshe, da rana tsaka ana zafin nan namu na Sakkwato, ya ce mini:

"Yaya, ka san ni da kai sana'armu guda?"

Na ce, "Ina fa? Ni ina nan rana tana gasa ni, kai kana cikin firji."

Ya yi dariya, ya ciro wayarsa ya nuna mini wani zane mai hawa da sauka kamar sawun maciji a kan rairayi. Ya ce wannan ita ce kasuwarsu, kasuwar hannun jari. Abin da yake ragewa daga albashi, a nan yake zubawa.

Na ce, "To ina kayan?"

"Kamfanoni ne, Yaya. Ina da ɗan yanki a masu jirgin ƙasa, ɗan yanki a masu yin taki. Ban sa ko sisi a giya ko a kuɗin ruwa ba. Wa ya sani, takin da ake zubawa a gonakin Wamakko ko ina da tiya guda a ciki."

Maƙwabcina a kasuwa, wani dattijo mai sayar da dawa wanda ba a raba shi da tsokana, ya leƙo ya ce, "Ashe kai ne kac cuce mu! To Injiniya, ka ce su rage muna kuɗin taki mana."

Aka yi ta dariya. Na ce wa ƙanena ni gerona ko ba komai ina taɓa shi, ko ɓera ya san yana nan. Shi nasa fa, in wayar ta faɗa ruwa? Ya ce ba ya cikin wayar, a rubuce yake a can. Ya ce abin yana hawa yana sauka kowace rana, wani lokaci saboda yaƙi a wata ƙasa, wani lokaci saboda ruwa bai sauka ba a inda ba ka taɓa jin sunansa ba, amma wanda ya daure shekaru, yawanci sama yake samun kansa. Na ce to wannan kam jira ne, na yarda sana'armu ɗaya. Ban ƙara tambayarsa komai ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Ya rasu ne da kaka, ina gama cika sito.

Bayan mutane sun ɗauke ƙafa, matarsa ta kira ni. 'Yar Sakkwato ce ita ma, mace mai natsuwa, tana cikin takaba ita kaɗai da yara a wancan sanyi. Idan muna la'asar su suna safiya, don haka a rumfa kiran ya same ni. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya. Sai ta ce ta je wurin lauya, ita marigayi ya naɗa ta kula da abin da ya bari, kuma ba za a iya raba gado yanzu ba, akwai haraji.

Na ce, "Bai biya ba ne da yana raye?"

"Ya biya, Yaya. Bai taɓa tsallake shekara ba. Wannan na mutuwa ne."

Ban gane ba, sai da ta maimaita a hankali. A dokar ƙasar, ranar da mutum ya rasu, hukuma tana ɗauka kamar ya sayar da duk hannun jarinsa a farashin wannan ranar. Bai sayar ba, kayan suna nan. Amma za a duba nawa ya saya, nawa suke a ranar da ya cika, a fitar da ribar da ke tsakani, a ɗora haraji a kan wani kaso nata. Sai an biya, hukuma ta ba da takardar cewa ba ta bin sa komai, sannan hankali ke kwanciya a sallami magada.

Na dubi buhunan da ke gabana. Ni dai na san ranar mutuwa ranar wanka ce da likkafani. Ban taɓa jin inda aka mayar da ita ranar kasuwa ba. Wato a sa'ar da ƙanena ya faɗi, akwai wani wuri da aka rubuta farashin jirgin ƙasa da na taki na wannan rana, kuma wannan rubutun ya zama bashi a kansa. Mutumin da ya yi rayuwarsa bai ci na kowa ba, mutuwar kanta ta haifar masa da mai bin sa. Na ji tsoro, na kuma ji wani irin mamaki, yadda mutane suka zauna suka tsara abu har ya bi mutum zuwa bakin kabari bai ɓata ba.

Ta faɗi kimanin abin da ake zato za a nema, da kuɗinsu. Na ji ƙaramin yaron yana kuka a kusa da ita. Ban iya ci gaba da yi mata tambaya ba. Mace tana takaba, ni wan mijinta, ina zan tsaya ina tuhumarta a kan kuɗi? Na ce ta kwantar da hankalinta, Allah yana nan. Abu ɗaya ta ƙara kafin mu rabu: tun bayan rasuwar kasuwar take sauka. Hukuma kuwa da farashin ranar rasuwa take aiki, ba ruwanta da saukar da aka yi daga baya.

Na so in ɓoye wa Inna. Ban iya ba. Da na shiga gaishe ta da yamma ta ce, tana kallon bango, "An yi waya daga can?" Na gaya mata yadda na fahimta. Ta ajiye carbi.

"Bashi ne?"

"Haraji ne, Inna."

"Ni ban san wanga ba. Ana bin shi ko ba a bin shi?"

Na ce ana bin sa.

Washegari na je wurin limaminmu, malami ne da ya san rabon gado. Na kwashe duka na gaya masa. Ya yi tunani, ya ce mutumin nan ya zauna ƙasarsu da amana, ya yarda da dokarsu, ya ci moriyar hanyoyinsu da asibitinsu. Abin da suka ɗora wa dukiyarsa haƙƙi ne da za a fitar kafin magada su taɓa komai. Ya ce amma kada in tsananta wa kaina, marigayi bai yi taurin bashi ba, kuma daga cikin abin da ya bari ake biya, Allah ba ya kama bawa da abin da bai yi sakaci a kansa ba. Na kawo wa Inna wannan magana da fatan za ta samu sauƙi. Rabin farko kawai ta riƙe.

Daga ranar ta rage cin abinci. Furar da take sha da hantsi, wadda ba ta taɓa fashi ba tun ina yaro, sai a dawo da kwanon yadda aka kai. Ba ta kuka. Kullum na shiga tambaya ɗaya ce: "An biya?"

Ni kuma kaina ya rabu biyu. Ɗan kasuwar da ke cikina ya san ba a sayarwa lokacin da kaya suka faɗi. In aka sayar da hannun jarin yanzu don a biya hukuma, za a sayar da yawa a samu kaɗan, kuma dukiyar marayu ce za ta tafi. Na gwada yi wa Inna bayani da harshen da ta sani. Na ce kamar gero ne da kaka, in aka ɗan jira zai tashi.

Ta ce, "Gero shina iya jira. Wanda ke kwance ba a sa shi jiran kasuwa."

Na fita na zauna a zaure. Marayu suna da haƙƙi, mamaci yana da haƙƙi, ni kuma na tsaya gaban mutane na ce na ɗauka, a nan ko a can. Ba wanda ya tilasta ni. Maganar ba ado ba ce da ake yi don a ji daɗin zaman makoki.

Da safe na buɗe sito na kira dillalai.

Duk kasuwa ta ɗauka na taɓu. Gero yana ta shigowa daga ƙauyuka, kowa saye yake, ni kaɗai nake fitarwa. Maƙwabcina mai dawa ya taso ya tsaya bakin sito yana kallon 'yan dako suna ɗiba.

Ya ce, "Alhaji, lahiya? Mi ya same ka? Ko amarya za ka yi ba mu ji ba?"

Na ce, "Buƙata ce ta taso."

"Wace irin buƙata ce ba ta jiran damina? Kai da kak koya muna haƙuri!"

Da ya ga fuskata sai ya bar wasan. Ya koma rumfarsa, can ya aiko a saya masa wani kaso a farashin da na sayo, bai nemi ragi ba. Sauran dillalai ba su yi mini wannan karar ba, kuma ban ga laifinsu ba. Kasuwa ce. Kafin mako ya zagayo sito ya zama fili, sai ƙwayoyin da suka zube a ƙasa da tsuntsaye ke shigowa tsinta.

Na tafi wurin 'yan canji da duk abin da na haɗa. A waya kuɗin suke, lambobi jere har sun kusa cika layi. Ban taɓa riƙe kuɗi wuri ɗaya kamar haka ba, har na ji ƙafata ta yi ƙarfi. Na ce wa mai canjin ya mayar mini da su dalar Kanada. Ya danna na'urarsa ya juyo mini da ita. Na ce ya sake. Ya sake, abin da ya fito shi ya sake fitowa. Guminmu na shekara, sito guda cike har rufi, da ya tsallaka ruwa sai ya koma ɗan abin da bai kama ƙafar adadin da matar ƙanena ta faɗa ba. Na tsaya riƙe da wayar. A ranar na san girman abin da yaron nan ya tara a hankali, daga ragowar albashi, yana zuwa yana zama a kan buhuna yana cin gyaɗa kamar kowa. Na kuma san ƙanƙantar abin da na yi alkawari da shi.

Duk da haka na kira matar ƙanena. Na ce ga abin da ya samu, ta ba ni inda zan tura, a rage, sauran Allah zai kawo.

Ta ce, "Yaya, wane kuɗi?"

Na gaya mata na sayar da gero.

"Duka? Da kaka?" Ta san sana'ar, 'yar gidan 'yan kasuwa ce. Sai ta fashe da kuka, irin wanda ban ji ta yi ba ko ranar rasuwa. Da ta natsu ta ce, "Don Allah me ya sa ba ka tambaye ni ba? Ni ma laifina ne, ban gama yi maka bayani ba, a lokacin ban gama ganewa ba. Gobe zan je wurin matar da ke kula masa da jarin. Zan kira ka muna tare."

Haka aka yi. Mai kula da jarin baturiya ce, tana magana, matar ƙanena tana mayar mini da Hausa. Baturiyar ta fara da yi mini ta'aziyya, ta ce ta yi shekaru tana aiki da shi. Ta ce tun da daɗewa ya zo ya ce yana so ya shirya mutuwarsa, yana da ƙarfinsa, ba ciwon komai. Ta nuna masa hanya mafi sauƙi a dokarsu: in ya bar wa matarsa komai, harajin nan ba zai taso a ranar rasuwarsa ba, za a ɗage shi har sai ita ta sayar ko ta rasu. Yawancin mutanenta haka suke yi. Ta kuma gaya masa in bai rubuta wasiyya ba, dokar ƙasar ce za ta raba, kuma a rabonsu, mai mata da 'ya'ya uwarsa ba ta samun komai.

Ya ce mata a'a. Ya ce yana da uwa a Sakkwato, kuma rabonta ba shi ya yanka mata ba, balle ya hana. Ya sa lauya ya rubuta yadda addini ya raba: sudusi, wato ɗaya bisa shida, na Inna, sumuni, ɗaya bisa takwas, na matarsa, saura na yara. Baturiyar ta ce ta gaya masa a fili cewa wannan zai jawo haraji mai nauyi a ranar da ya tafi, ta lissafa masa. Ya duba ya ce ya gani, a rubuta haka.

Na ce, "Tambaye ta, ya san bashi zai hau kansa, ya yarda?"

Aka tambaye ta. Ta ce ai bai bar shi haka ba. Kowace shekara, bayan ya fitar da zakkarsa, sai ya zo su duba yadda jarin ya ƙaru, su kimanta abin da hukuma za ta nema in a shekarar ya mutu. Sai ya ware kuɗi daidai haka ya sa a wani asusu daban, inda kasuwa ba ta taɓa shi, ba ya hawa ba ya sauka. Ta sha gaya masa kuɗin nan suna zaune ba sa haihuwa, ya bari a juya su. Ya ƙi. Ta ce akwai sunan da yake kiran asusun da harshenmu, ta rubuta shi a jikin fayil don ta riƙa tunawa. Na ji ta tana ƙoƙarin faɗa da bakinta, a karkace. Matar ƙanena ta gyara mata.

"Dami na goma, Yaya. Haka yake ce masa."

Na sauke wayar daga kunnena.

Mahaifinmu, idan aka yi girbi a Wamakko aka ɗaure gero, ba ya bari a kai ko dami ɗaya rumbu sai ya bi layi yana ƙirgawa da sandarsa. Duk na goma sai ya ja shi gefe, ƙarƙashin wata bishiyar bedi da ke bakin gona. Na zakka ne. Yakan ce abin da ba naka ba, kada ka bari ya kwana cikin naka, in ya shiga rumbu fitar da shi ciwo ne. Ni nake ɗaukar damman a kai, ƙanena yana ƙarami, aikinsa kawai ya bi Baba yana riƙe masa gora. Ban san yana kallo ba. Ni da na gaji hatsin, na gaji ƙirgar. Shi da ya tafi inda ko gero ba a shukawa, ya ɗauki abin ya kai shi cikin kasuwar da ba a ganin kayanta, ya yi ta jan nasa damin gefe shekara da shekaru saboda ranar da bai san ta ba.

Da na mayar da wayar, matarsa tana ta kiran "Yaya, Yaya, kana ji?" Na ce ina ji.

Ta ce saura magana ɗaya. A watanninsa na ƙarshe kasuwar ta yi hawan da ba a zata ba, kuma bai kai ga zaman lissafin shekarar ba ya rasu. Don haka abin da ya ware ya ɗan gaza. Giɓin ba shi da yawa, za a sayar da kaɗan daga jarin a cike. Ta ce in mayar da kuɗina in sake sayen gero tun kaka ba ta wuce ba.

Na ce a gaya mini giɓin. Ta faɗa. Kuɗin gerona ba su kai ba, amma sun ci fiye da rabinsa.

Na ce, "Ba ni inda zan tura."

"Yaya, kai ma kana da iyali. Malamai sun ce daga dukiyarsa ake biya."

"Na sani, liman ya gaya mini. Amma na tsaya ƙofar masallaci na ce na ɗauka. Shi ya ɗauke mai nauyin tun ban sani ba. Ɗan wannan da ya rage, ki bar ni da shi. Kada a taɓa na yara da yawa kasuwa tana ƙasa."

Ta ce, "To, Yaya. Allah ya bar zumunci."

Na tura. Ragowar kuma aka sayar da kaɗan daga jarin aka cike. Da aka haɗa lissafin aka kai wa hukuma, aka biya. Na zo na gaya wa Inna duka, har da maganar sudusinta, har da dami na goma. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Su sun ce sun karɓa?" Na ce an biya, amma takardar shaida sai sun gama dubawa, kuma ba sa gaggawa. Ta ce to ita sai ta ji daga bakin mai bin bashi. Ta fara taɓa abinci kaɗan, furar dai ba ta koma mata ba.

Bazara ta zo ta wuce. Damina ta sauka, gero ya yi tsadar da aka daɗe ba a gani ba. Maƙwabtana suka buɗe sito suna ciniki, ni ina zaune a rumfa ina dillancin kayan wasu don a samu na cefane. Mai dawa yakan miƙo mini goro ya ce, "Alhaji, bana kai ne ɗan kallo." In ce masa kallon ma sana'a ce. Ba zan ce abin bai yi mini ciwo ba. Amma duk lokacin da na duba siton nan, ƙanena nake tunawa a ofishin wata baturiya, da ransa da lafiyarsa, yana lissafin ranar mutuwarsa kamar mai shirin girbi. A can ma, matarsa ta ce kasuwar ta farfaɗo a hankali, abin yaran ya dawo inda yake har ya ɗan wuce.

Sai da sabon gero ya fara shigowa kasuwa takardar ta fito. Matarsa ta ɗauki hotonta ta turo. Farar takarda ce da Turanci, ba wani ado. Na kai wa wani malamin makaranta a unguwarmu ya karanta mini, na ce ya sake karantawa. Hukumar harajin ƙasar ta ce an biya duk abin da take bin marigayi.

Ranar, bayan sallar la'asar, na roƙi liman mutane su ɗan dakata. Na tsaya daidai inda na tsaya bara. Na ce jama'a, kun ji na ce na ɗauki bashin ƙanena a nan ko a can. A nan ba a samu ba. A can an samu guda, kuma an biya, mai bin ya ba da shaida. Yawancinsa shi ya biya wa kansa tun yana raye. Ku taya mu yi masa addu'a. Aka ɗaga hannu. Mai gyaran babur yana sahun baya yana share fuska da hularsa.

Na shiga gida. Inna tana kan tabarmarta a inuwar ɗaki. Na tsuguna daga nesa kamar yadda na saba, na ce, "Inna, sun ce sun karɓa. Ba sa bin sa komai."

Ta miƙo hannu na ba ta wayar. Ba ta karatun boko, amma ta daɗe tana kallon takardar, ta shafa ta da yatsa. Ta ce, "Auta ya huta." Sai hawayen da ta riƙe shekara guda suka zubo, ba sauti.

Da ta share ido, ta miƙo mini wayar. A wannan karon ni ta duba, ido cikin ido, abin da ban san ta taɓa yi ba tun da na yi wayo.

Ta ce, "An ce sitonka wayam yake."

Na ce, "Kaka ta zo, Inna. Za a cika."

Ta gyaɗa kai, ta mayar da fuskarta bango. Na miƙe zan fita, ina sa takalmi a bakin ƙofa, na ji ta ɗaga murya tana ce wa matata a dama mata fura.